Kalmomi Ma Fatake Ne

Yara, ko wanenku ya buɗe jakarsa ta makaranta ya duba abin da ke ciki. Ga littafi, ga alƙalami, ga takarda, ga fensir, watakila kuma da ɗan akwatin ajiye su. In aka tambaye ku da wane harshe kuka faɗi sunayen nan, za ku ce da Hausa, kuma kun faɗi gaskiya. Amma babu ko ɗaya daga cikinsu da aka haifa a ƙasar Hausa. Littafi da alƙalami daga Larabawa suka zo. Takarda Abzinawa suka kawo ta. Fensir na Ingilishi ne, akwati kuwa daga bakin Yarbawa muka karɓe shi. Jaka guda ke nan, da baƙi biyar a cikinta, daga gida huɗu.

Dalili kuwa shi ne, Bahaushe mutum ne mai fatauci, ƙasarsa kuma mararraba ce, ayari na shigowa ayari na fita. Duk abin da baƙo ya kawo wanda babu irinsa a gari, da sunansa ya kan zo. Abin ya ƙare ko ya lalace, sunan ya zauna. Sa'an nan bakin mutanen gari ya yi ta gogarsa, kamar yadda ruwa ke gogar dutse a rafi, har ya yi sumul, a manta baƙo ne. Masana harshe su kan bi sawun kalma kamar yadda a ke bin sawun raƙumin da ya ɓata, har su kai garin da ta fito. Bari mu bi su kaɗan.

Ayarin da ya fi kowane girma shi ne na Larabci, domin tare da addini da ilmi da ciniki ya zo. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci. Tun daga wannan zamani kalmomin Larabci ke ta kwarara cikin Hausa. Akwai wata alama da za ku iya gane da yawa daga cikinsu da ita. Balarabe ya kan sa "al" a gaban suna in yana nufin wani abu sananne. Sunan abin rubutu a wurinsa "ƙalam" ne, in ya ce "al-ƙalam" yana nufin wannan da aka sani. Kakanninmu da suka ji haka ba su raba su ba, sai suka haɗiye duka biyu, suka ce alƙalami. Haka aka sami allo, da alƙali, da albasa, da alkama, da almakashi, da aljihu. A wasu kalmomin kuma "a" ta farko ta faɗi a hanya, "l" kaɗai ta iso. Shi ya sa mu ke cewa lafiya, da labari, da liman, da ladabi, da lissafi, da lahira. Littafi ma daga "al-kitab" ya fito, amma shi ya sha guga ƙwarai, in Balarabe ya ji shi yau da ƙyar zai shaida ɗansa.

Ku dubi sunayen ranaku kuma. Larabawa ƙirga ranaku su ke yi, ɗaya, biyu, uku. Lahadi daga kalmarsu ta ɗaya ta fito, Litinin daga biyu, Talata daga uku, Laraba daga huɗu, Alhamis daga biyar. Jumma'a ranar taruwa ce, Asabar kuma daga "as-sabt". To, da ya ke Hausawa su kan yi wa yaro laƙabi da ranar da aka haife shi, sai ƙidayar Larabawa ta shiga sunayen mutane. Ladi da Ɗanladi na Lahadi ne, Tani da Altine na Litinin, Talatu ta Talata, Lami da Ɗanlami na Alhamis, Jummai da Ɗanjuma na Jumma'a, Asabe da Ɗan'asabe na Asabar. In da Lami a ajinku, ku gaya mata in an bi sunanta har tushe, biyar za a tarar. Wanda ya fi ban dariya shi ne na Laraba. Yaron da aka haifa a ranar a kan ce masa Balarabe, alhali kuwa ko shi ko ubansa babu wanda ya taɓa taka ƙasar Larabawa. Ranar ce kawai ta yi kama da sunan mutanen, sai Hausawa suka yi wasa da kamar.

Ba dukan kalmomin Larabci ne suka miƙe hanya zuwa gare mu ba. Wasu sai da suka yada zango a Barno, domin Barebari sun riga Hausawa karɓar Musulunci. Wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya nuna haka a 1960. Larabawa "suƙ" su ke ce wa wurin ciniki. Barebari suka ɗora mata "ka" a gaba bisa ga al'adar harshensu, sa'an nan ta iso mana ta zama kasuwa. Karatu ma ta wannan hanya ya biyo. Rubutu kuwa na Barebarin ne da kansu, haka nan sarautun Galadima da Ciroma da Yarima. Amma ku lura da abin da Bahaushe ya yi da karatu bayan ya karɓe shi. Ya sa masa "ma" a gaba, kamar yadda ya ke cewa maƙera da majema da marina, sai ga makaranta, watau wurin da a ke karatu. Itacen na aro ne, amma ginin na gida ne.

Fulani kuwa har cikin ɗaki kalmominsu suka shiga. Kawu da goggo da baffa, waɗanda ku ke kira kullum, daga Fulatanci su ke, tare da ruga da burtali da kindirmo.

Yanzu mu juya arewa, wajen Abzinawa masu kawo gishiri da dabino. Su suka ba mu raƙumi da sunansa, da takobi, da azurfa, da cuku. A harshensu sunan mace ya kan fara da "t", shi ya sa ku ke jin ta a farkon takobi da takarda da talaka. I, talaka ma tasu ce.

Takarda tana da labari mai daɗi, domin ta yi tafiya mai nisa. Mutanen Girka na dā suna da wata kalma da su ke kiran abin da a ke rubutu a kansa. Rumawa suka ara daga gare su, suka ce "karta". Da Rumawa suka mallaki arewacin Afirka, sai mutanen wurin, dangin Abzinawa, suka karɓi kalmar, suka sa mata "ta" a gaba. Ta hau raƙumi ta ƙetare Sahara, ta sauka a ƙasar Hausa da sunan takarda. Amma wannan kalma ta Rumawa ba kudu kaɗai ta yi ba. Ta yi arewa ta shiga Faransanci, daga nan ta shiga Ingilishi ta zama "card". Bayan ɗaruruwan shekaru Turawan Ingila suka ɗauko ta a jirgin ruwa, ta sauka a bakin teku, ta hauro arewa, muka karɓa muka ce kati. Ashe takarda da kati 'yan uwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗaya ta zo a kan raƙumi, ɗaya a jirgi, suka haɗu a kasuwar Kano ba su gane juna ba.

Haka ya faru ga sukari. Mutanen Indiya ne suka fara dafa ruwan rake har ya daskare ya yi ƙwaya-ƙwaya, suka kira shi da wata kalma tasu mai nufin tsakuwa. Mutanen Farisa suka ara, Larabawa suka ara daga Farisa suka ce "sukkar", mu kuma muka ce sukari. Turawa ma daga Larabawa suka samo ta, ta bi daga baki zuwa baki har ta kai Ingila, ta komo mana da sunan suga. Saboda haka in kaka ta ce sukari, jika ya ce suga, kada su yi gardama, abu guda su ke faɗi da kalma guda.

Hanyar kudu ita ce ta buɗe daga baya, amma da ta buɗe sai ta zama kamar ambaliya. Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Kano a 1911. Tare da jirgi ma'aikata da 'yan kasuwa na kudu suka zo, da kayan da ba a saba gani ba. Daga Yarbawa muka sami ashana da keke da agogo. A wurinsu agogo ƙararrawa ce tun asali, da aka kawo abin da ke buga ƙararrawa yana faɗin lokaci sai ya gaji sunan. Ciniki kuwa ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. Ku je ko'ina a Nijeriya za ku ji ana cewa wahala, a Ikko ko a Fatakwal, daga bakin Hausawa ta bazu.

Kalmomin Ingilishi sun fi shan wuya a bakinmu. Bature ya kan jera baƙaƙe biyu ko uku ba wasali a tsakani, ya kuma datse kalma a kan baƙi. Bahaushe ba ya son haka, sai ya buɗe kalmar ya zuba mata wasula. "Bread" ta zama burodi, "bucket" ta zama bokiti, "driver" ta zama direba. Wasu kuma aka rage musu kaya, "station" ta koma tasha, "hospital" ta koma asibiti, "doctor" ta koma likita. A bariki aka fi yin wannan aiki, shi kansa barikin ma haka aka yi shi. Can aka sami soja da kofur da saje da hafsa, da samanja, wanda a bakin Bature kalma biyu ne, "sergeant major". Wani lokaci kuwa Bahaushe ya kan ƙi aro sam. Da ya ga abin da ke ɗaukar mutane da kaya a kan dogo, sai ya tuna da jirgin da ke ƙetarar da shi kogi, ya ce wannan jirgin ƙasa ne. Da na sama ya zo bai sha wahalar neman suna ba.

Babu inda a ke ganin yadda suna ke daɗewa bayan abin ya tafi kamar wajen kuɗi. Ita kanta kalmar kuɗi jam'i ce, tilonta wuri. Wuri kuwa ɗan ƙaramin ƙoƙon wata halitta ce ta teku, wanda a ke kwasowa daga tsibiran Maldib a tekun Indiya, da shi kakanninmu ke saye da sayarwa. An daina cin kasuwa da wuri tun tuni, amma har gobe kuɗi mu ke cewa. Da Turawa suka kawo nasu, sai aka sami kwabo, daga kalmarsu ta jan ƙarfe, "copper". Sisi daga "sixpence" ya fito, watau kwabo shida. Kwabo 12 su ne sule, sule 20 su ne fam. Sule na kuɗi daga "shilling" ya ke, ba abin da ya haɗa shi da Sule ɗan ajinku, shi nasa Sulaimanu ne aka gajarta. Akwai kuma anini, ɗan ƙarami mai huda a tsaka, goma ke yin kwabo. Jaridar nan da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, kwabo ɗaya a ke sayar da ita, shi ya sa aka sa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ran 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo. Yau babu ɗayanku da ya taɓa sayen ƙosai da sisi, amma dukanku kun ji wanda aljihunsa ya bushe yana cewa ba shi da ko sisi, ko ba shi da ko anini.

Dala ta fi su duka nisan gida. A ƙasar Cek ta yanzu, a tsakiyar Turai, akwai wani gari a cikin kwari da a ke haƙar azurfa, Jamusawa na kiransa Joachimsthal, watau Kwarin Yowakim. Wajen 1520 aka fara buga manyan kuɗin azurfa a can. Sunan ya yi wa mutane tsawo, suka yanke shi suka bar "thaler", ma'ana ɗan kwari. Daga nan aka sami "dollar" ta Amurka, daga nan kuma dalarmu. A Nijeriya zamanin fam da sule, dala sule biyu ce. A Nijar kuwa har yanzu da ita a ke ƙirga kuɗi, sefa biyar ita ce dala ɗaya, mai sefa 100 sai ya ce yana da dala ashirin. Dutsen Dala na Kano ba ruwansa da wannan labari, kama ce kawai ta suna.

Wannan ya kawo mu ga wani tarko da ya kan kama har manya. Ba duk kalmomi biyu da suka yi kama ne 'yan uwa ba. An daɗe ana cewa boko daga "book" ta fito, watau littafi da Ingilishi, har an rubuta haka a littattafai. Amma wani masanin Hausa, Paul Newman, ya bi sawunta a 2013 ya tarar 'yar gida ce. Tun kafin makarantar Turawa, Hausawa na cewa boko ga abin da aka yi don ya yi kama da na gaske, kamar amaryar boko da a ke fitarwa a wajen biki a madadin amarya ta ainihi. Mutanen dā da suka ga sabon karatu ba su amince da shi ba, sai suka laƙaba masa wannan suna. Ku gwada da kanku ma. "Cook" ta zama kuku a bakinmu, ashe da "book" aka ara, da buku za a ce. Yanzu kalmar ta wanke, ta zama sunan irin rubutun da ku ke karantawa a wannan shafi.

A farkon ƙarni na 20 Ingila da Faransa suka ja iyaka ta ratsa tsakiyar ƙasar Hausa. Katsina ta faɗa hannun Ingila, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, alhali dangi ɗaya ne. Daga nan sababbin kalmomi suka rabu biyu. Yaron Katsina ya ga ma'aikatan kwastan a bakin iyaka, ɗan uwansa na Maraɗi ya ce na duwan ne. Wannan ya ce tica, wancan ya ce mushe. Makarantar boko kuwa a Nijar lakwal a ke ce mata, daga "l'école" ta Faransanci. Ku duba da kyau, wannan "l" ta farko aikinta ɗaya da "al" ta Larabawa. Abin da kakanni suka yi wa lafiya da labari, shi jikoki suka sake yi wa kalmar Faransawa bayan shekaru ɗaruruwa.

Amma fa bambancin Hausar gari da gari ba duka ne baƙi suka kawo shi ba. Akwai wanda ya tsiro a gida, shi ne kuma ya fi jawo dariya a makaranta. A kan kawo sabon yaro daga Sakkwato ko Gobir ajin Kanawa, ya buɗe baki ya ce "zamna", ko "sabka", ko "amre", sai aji ya fashe da dariya, a ce bai iya Hausa ba. Wani yaron daga ranar ba ya ƙara ɗaga hannu a aji. To, ku tsaya mu bincika mu ga wa ya canja. Bakano na cewa zauna, amma in ya tashi faɗin sunan aikin sai ya ce zama. Daga ina "m" ta fito? Yana cewa aure, amma matar da aka kawo amarya ya ke ce mata, ba "aurya" ba. Wannan "m" ita ce ta asali. Dā kowa zamna da amre ya ke cewa. A hankali mutanen gabas suka tausasa baƙin da ya zo a ƙarshen gaɓa ya koma "u", mutanen yamma suka riƙe shi yadda suka gada. Wani Bajamushe mai suna Klingenheben ne ya fara bayyana wannan ƙa'ida, har a ke kiranta da sunansa. Irin wannan canji ne ya sa mu ke cewa talaka amma talauci, ɓauna amma ɓakane. Ashe yaron da a ke yi wa dariya, tsohuwar Hausa ce a bakinsa.

Akwai sauran bambance-bambance. Inda Bakano ya ce fari da tafi, Basakkwace ya kan ce hwari da tahi. Bakano ya ce mace ce, Basakkwace ya ce mace ta, a wasu sassan Zazzau da Bauchi kuwa ka ji an ce mace ne. Bakano ya ce gidansa, wani ya ce gidanshi, wani ya ce gidanai. Da aka zo buga littattafai da jarida, dole a zaɓi hanya guda domin mai karatu a Yola da mai karatu a Birnin Kebbi su ga abu ɗaya a takarda. Aka ɗauki Hausar Kano aka gina daidaitacciyar Hausa a kanta, domin Kano ce babbar kasuwa, Hausarta ta fi yawo. Ita za ku rubuta a jarrabawa, ku kuma koye ta sosai. Amma zaɓe ne aka yi don sauƙin rubutu, ba shari'a aka yi aka ce sauran sun yi kuskure ba.

Inda a ke bukatar hankali shi ne inda kalma guda ke da ma'ana biyu. A Sakkwato abin da a ke yin ƙuli-ƙuli da shi gujiya sunansa. A Kano wannan gyaɗa ce, gujiya kuwa wata aba ce dabam, mai ƙwaya ƙulu-ƙulu da tauri, wadda wasu ke kira kwaruru. In aka aiki yaron Sakkwato kasuwar Kurmi ya ce a auna masa gujiya mudu biyu, za a auna masa ba musu, ya biya ya ɗauka. Sai ya isa gida uwarsa ta kwance ƙullin za a san ba za a sami mai a gidan ba ran nan.